Takardar Gado Na Tara

Ƙarfe biyu saura na dare wata nas ta turo takarda ta tagar ɗakin magani, ta ce a hanzarta, ta mai gado na tara ce.

Mai haɗa maganin ta ja takardar tana hamma. Wata huɗu ke nan da ta gama shekarar sanin makamar aiki, kuma a asibitin nan sabon shiga ake jibga wa aikin dare. Ta karanta sunan, ta sake karantawa.

Sunansa ne...

Malamin lissafin da ya shekara uku yana ɗaukarta a babur, mai tsokanarta da Mujiyata tun da aka mai da ita dare. Shi ne kuma ya tsaya a ƙofar gidansu wata biyu da suka wuce ya ce a haƙura, wai Yayarsa ta rantse ba za ta karɓi matar da ke kwana a waje ba. Ran nan ta ci kuka ta ƙoshi, ta kira shi matsoraci.

Ba sai likita ya yi mata bayani ba, magungunan kaɗai sun gaya mata ciwon daji ne, kuma ya ci jiki. A saman takardar an rubuta nauyinsa don auna magani. Kilo arba'in da bakwai! Mutumin da take cewa babur na nishi in ya hau.

Ta so ta ruga sama inda aka kwantar da shi, amma ita kaɗai ce a ɗakin, ga mutum shida a layi, kuma tagar nan ba a rufe ta ko na minti ɗaya. Haka ta haɗa maganin, ta duba sau uku, ta miƙa.

Da safe tana ba da makulli ta haye sama. Yayarsa ta tare ƙofa tana tambayar abin da ya kawo ta, sai wata siririyar murya daga ciki ta ce, "Yaya, ƙyale ta."

Da ƙyar ta gane shi.

"Mujiyata... yau ke ce da rana?"

"Malamina, me ya sa ka ɓoye min?"

"Kowa zan iya ce wa ina samun sauƙi ya yarda. Ke kuwa kin iya karanta takarda."

"To ka aure ni a haka, ni na ji na gani."

Ya yi murmushi ya ce ta bari ya miƙe tukuna. Ita ma ta yi murmushin, hawaye na bin kumatunta.

Ta roƙi Oga hutun mako biyu, ya ce wa zai tsare taga? Sai ta raba kanta biyu, rana a gefen gadonsa, dare a bayan gilashi. Yayar da ta tsane ta, ita ce a rana ta huɗu ta shimfiɗa mata zani a ƙasa ta ce, "Ƙanwata, ki ɗan runtsa."

Da rana ya ce mata jiki da sauƙi, da dare takarda ta ƙaryata shi. Magungunan yaƙar ciwon suka dinga ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage allurar kashe raɗaɗi kawai, ita ma kullum ana ƙara ta. Makullin duk maganin asibitin na hannunta, amma babu nasa a ciki. Wannan ya fi komai cin ranta.

Dare na goma sha tara, wajen ƙarfe huɗu, wata sabuwar nas da ba ta san abin da ke tsakaninsu ba ta ajiye ƙaramin tire a taga.

"Na gado na tara ne, ki mai da su. Ba a buƙatarsu kuma."

Allurai shida ta ba da a daren nan, huɗu suka dawo a rufe.

Ta yi salati a hankali. Sannan ta buɗe kabad ta jera su a mazauninsu.

Saura awa huɗu a zo a karɓe ta a aikin.