Bayi Biyar, Mutum Uku

Gwaggo Tani ta iso daga garin Bana da hantsi. Ko ruwa ba ta sha ba ta zauna a tsakar gidan ƙanenta Alfari, ta ce a kira mata ɗansa. Shi kuwa ɗan, Isma'il, da ake kira Mushe kamar sauran malaman boko, malamin tarihi a wata lise, wato sakandare, ta Gaya, yana ɗaki yana gugar rigar da zai sa ya je wurin Kadija. Wata biyu ke nan da aka kai goron neman aurenta.

Gwaggo ta ce, "Binciken da kuka ƙi yi, ni na yi shi. Kakan kakan yarinyar nan sayen shi aka yi. Tsofaffi uku na tambaya, bakinsu ɗaya. Ina raye jininmu ba zai gauraya da na bayi ba."

Alfari manomin shinkafa ne a bakin kogi, kuma tun yana yaro bai saba musu da yayarsa ba. Ya dubi ɗansa ya ce, "Kai me ka ce?"

To a nan fa abin kunyar yake. Mutumin da muryarsa ke cika aji mai ɗalibai sittin ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin riga, ya ce, "Yadda kuka gani, Baba." Kafin azahar an aika gidan Malam Idrisa, uban Kadija, cewa an fasa.

Kadija tana da ɗan shago kusa da tasha, inda take buga takardu da ordinater, wato kwamfuta, tana yin fotokofi. Can suka haɗu da Isma'il, don malamai kan kai mata darussan da suka rubuta da hannu ta buga musu. Da aka fasa, sau huɗu ta kira shi a salula bai ɗauka ba, daga nan ba ta ƙara ba. Ta yi kukanta a gida, ta wanke fuska, ta buɗe shago. Shi kuma ya koma zagayawa ta bayan kasuwa da motonsa don kada ya bi ta ƙofarta, namiji guda da gemunsa.

Ya manta shaf cewa ya bar mata wani littafinsa. Bayan mako uku sai ga mai kabu-kabu da ambulan: littafin, da kofi sittin a jere tsaf, da 'yar takarda. "Ga darasin ɗalibanka. Ranar Lahadi zan koma Dosso wurin yayata."

Da la'asar Alfari ya dawo daga gona, laka har gwiwa, ya tarar da ɗansa zaune ya tasa takardu gaba. Gwaggo, da ta dawo duba ko maganar ta mutu da gaske, tana gefe tana tsintar shinkafa a faifai.

Alfari ya ce, "Me yarinyar ta rubuto haka da yawa? Zagi ne?"

"Darasi ne, Baba. Tarihin Amurka."

"Karanta mini in ji, amma da Hausa."

Isma'il ya fara fassarawa ba da son ransa ba. Ya ba shi labarin yankuna goma sha uku da Ingila ta mallaka a hayin teku, da yadda aka riƙa kwasar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma a cikin jirage. A wani yanki da ake kira Karolina shinkafa ake nomawa, don haka an fi neman waɗanda suka iya aikinta.

Alfari ya gyara zama. "Manoman shinkafa? Irina?"

"Irinka, Baba. Cikin ruwa suke yini, sauro na cinsu, amfanin kuma na wani."

"Allah Ya isa. Ci gaba."

"A shekarar 1776 manyan yankunan suka ce sun gaji da mulkin Ingila. Suka rubuta takarda cewa duk mutane daidai aka halicce su."

"Madalla. Sai suka saki bayin?"

"Ba su sake su ba. Da yawa cikin masu sa hannun suna da bayi a gonakinsu. Da suka zo tsara dokar ƙasa ma, wajen ƙidayar jama'a, bayi biyar suka lissafa a matsayin mutum uku."

Alfari ya buga cinya. "Marasa kunya! Sauran biyun fa, awaki ne? Mutum ai mutum ne. Da bakinka ka ce daidai kuke, kuma ka juya ka rage shi?"

Isma'il ya kai layin ƙarshe, sai ya dakata. Alfari ya ce, "Karanta mana, me ka tsaya yi?"

Ya karanta a hankali: "Wasunsu sun san ba daidai ba ne, sun ma faɗa a ɓoye. Amma suka yi shiru don kada su ɓata da danginsu da maƙwabtansu, kuma shirun nan ya bar mutane a ɗaure kusan shekara casa'in."

Faifan Gwaggo ya tsaya. Alfari ya ce, "Ita ta ƙara wannan?"

"A'a, Baba. Ni na rubuta, ga shi da hannuna. Ita bugawa kawai ta yi." Hawaye ya zubo masa a kan takardar. "Gobe zan tsaya gaban yara in zagi mutanen da suka mutu tuntuni, alhali abin da suka yi shi na yi a tsakar gidan nan. Ka tambaye ni ranar nan na ɓoye. Ina son Kadija, kuma ba ta yi mana laifin komai ba."

Gwaggo ta ce, "Wancan na Nasara ne, namu daban."

Alfari ya daɗe yana kallon lakar ƙafarsa. Ya tuna Malam Idrisa da suke haɗa kafaɗa a sahu, wanda shekarar da kogi ya cika shi ya zo da kwalekwale ya taya shi kwashe shinkafa. Kunya ta rufe shi har wuya. Ya ce, "Yaya, ki gafarce ni, tambaya ɗaya. A lissafinki Kadija mutum ɗaya ce, ko ba ta kai ba?"

Gwaggo ta ja mayafi ta shige ɗaki.

Ranar Asabar da safe uba da ɗa suka ɗauki goro da kansu, ba ɗan aike. Malam Idrisa ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce, "An ci mana mutunci, ba zan ɓoye ba. Amma ita aka yi wa, ita za ta yanke."

Kadija ta fito, akwatinta na nan a ɗaure a bakin ƙofa. Isma'il ya kasa ɗaga ido. Ta ce, "Mushe, sau uku na duba layin nan na ƙarshe. Na ɗauka wani ne ya rubuta a littafinka."

"Ki yafe mini, Kadija."

"Na yafe. Amma daga yau, abin da za ka iya faɗa a aji ka riƙa faɗarsa a gida."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Gwaggo ta zo, ta zauna can gefe, ba ta yi guɗa ba, amma ta ci tuwon. Haƙurin Kadija ya mayar mata da abin da aka ƙwace mata, ba tare da ta zagi kowa ba. Kuma duk mai ganin laifin mutanen nesa, ya fara duba abin da ya yi shiru a kai a gidansu.

Har yau, duk shekarar da Mushe Isma'il ya kai wannan darasi, yakan karanta layin ƙarshe, ya ajiye takardar, ya ce, "Yara, na san ɗaya daga cikin masu shirun nan. Ga shi tsaye a gabanku."