Shaidar Lasifikar Baya

Ƙarfe tara saura kwata na safiyar Talata aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an yi sata a wani shagon haɗa kayan sauti. Insfekta ya ajiye kofin shayinsa ya tambayi Saje abin da aka ɗauka.

"Wai faifai ɗaya ne, Yallaɓai."

"Faifai ɗaya? Shi ne mutum yake kuka a waya kamar an yi masa rasuwa?"

Insfekta ba mai son kayan zamani ba ne. Rediyon da ke kan teburinsa sai an mare shi yake magana. Amma shekara ashirin da biyu a aikin sun koya masa cewa babban mutum ba ya kuka a banza, don haka ya ɗauki hularsa suka fita.

Shagon ɗaki biyu ne. Na gaba ofis, na ciki kuma ɗakin gwaji, an manne bangonsa da soso, an shimfiɗa kafet mai kauri. Lasifika shida sun kewaye ɗakin, kujera ɗaya tak a tsakiya. Mai shagon, wanda kowa ke kira Injiniya, yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

Wani dogon mutum mai ƙamshin turare ne ya tarbe su, ya miƙa hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Dogo ake ce mini, abokin aikinsa ne kuma amininsa tun muna firamare. Shi ke ƙirƙira, ni ke nemo kasuwa. Ni na karɓi wayar na yi muku bayani, don kuka ya hana shi magana."

Dogo mutum ne mai zaƙin baki, irin wanda zai sayar maka da rigar da ke jikinka ka yi masa godiya. Hancinsa ya ɗan karkace, kuma duk lokacin da ya ja numfashi sai ya fitar da wani siririn fito. Insfekta ya lura da wannan kamar yadda yake lura da komai.

Ya durƙusa kusa da Injiniya.

"Malam, me ke cikin faifan nan?"

Injiniya ya ɗago jajayen idanu. "Aikin shekara bakwai, Yallaɓai. Ka ga masu kallon fim a gida da irin waɗannan lasifikoki, sauti na zuwa musu ta gaba da baya? Sautin yana da nauyi, dole a matse shi kafin ya shiga faifai. Yawancin masu matsewa yankewa suke yi, su zubar da duk ƙaramar ƙarar da suke ganin kunne ba zai kula da ita ba. Nawa ninkewa yake yi, kamar a ninke zane a sa a akwati. In an warware, komai yana nan. Ko numfashi ba ya zubarwa."

"To, ga na'urarka can tana aiki."

"Na'urar tana aiki, amma asirin yadda aka haɗa ta yana cikin faifan. Jibi Alhamis zan nuna wa wani kamfani. Duk wanda ya riga ni kai shi, aikin ya zama nasa."

"Babu kwafi?"

"Ban yarda da kowa ba, shi ya sa ban yi ba." Ya dubi Dogo. "Sai shi."

Faifan a cikin durowar wani teburin ƙarfe yake kwana, can kusurwar hagu ta bayan ɗakin. An yanke kwaɗon ƙofar baya, amma durowar babu ko ƙwarzane a jikinta. Insfekta ya ce wa Saje ya buɗe. Saje ya ja, ya sake ja, har jijiyar wuyansa ta miƙe, durowa ko gezau.

Injiniya ya taso, ya buga gefen teburin da gwiwa sau biyu, ta buɗe salin-alin.

"Wa ya san wannan dabarar?"

"Ni da Dogo."

"Da Baba maigadi," Dogo ya yi caraf ya ce. "Ya sha ganinmu muna yi in ya shigo shara. Wallahi ba na son in ɗora wa tsoho laifi, amma gaskiya ɗaya ce. Kuma ina da shaida."

Ya ciro wayarsa. Ashe Injiniya yana da wata al'adar aiki. Kullum daga shida da rabi zuwa bakwai na safe, makirfo shida da ke kewaye da ɗakin suna kunna kansu su ɗauki shirun ɗakin, don ya gwada ko hanyarsa tana riƙe ƙaramar ƙara. In an gama, na'urar ta aika wa wayoyinsu su biyu.

"Ga na yau," in ji Dogo. "Sau biyu na saurara daga farko har ƙarshe. Shiru kamar maƙabarta. Daga bakwai kuma telar da ke fuskantarmu tana bakin ƙofarta, ko kaza ba za ta wuce ba ta gani ba. Ka ga ke nan kafin shida da rabi aka yi, lokacin Baba yana gadi."

Insfekta ya kara wayar a kunne na ɗan lokaci. Shiru ne kuwa.

"Kai ina kake da safen?"

"Gida, Yallaɓai. Sai takwas na fito."

Baba maigadi yana zaune a kan benci a waje, wani ɗan sanda a tsaye kansa.

"Baba, ƙarfe nawa ka tashi daga aiki?"

"Bakwai, ranka ya daɗe. Kullum bakwai."

Insfekta ya tsallaka titi wajen tela. Matar ba ta ko tsayar da keken ɗinkinta ba.

"Bakwai? Wane bakwai? Wata uku ke nan in na buɗe shago ban ganin ko inuwar kekensa. Amma don Allah kada a taɓa tsohon nan. Ko allura ya tsinta a ƙofata sai ya kawo mini."

Da ya dawo, ya zauna kusa da tsohon a kan bencin.

"Baba, ƙarya ba ta yi maka kyau. Sake faɗa mini."

Tsohon ya fashe da kuka. "Shida da rabi nake tafiya, ɗana. Matata ba ta da lafiya, ni ke kai ta asibiti karɓar allura. Na ji tsoron kada a kore ni."

"Wa ya san kana tafiya da wuri?"

"Dogo. Shi ya ba ni izini ma, Allah ya saka masa. Ya ce kada in dami Injiniya da zancen."

Insfekta ya daɗe yana kallon takalminsa. Mutum ɗaya ne ya san cewa akwai rabin awa da babu ido a kan shagon, kuma shi ne mutumin da ke ta tura waya a kunnen mutane don a ji babu kowa a rabin awar. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne addu'ar da tsohon ya yi.

Ya koma ciki ya ja Injiniya gefe.

"Abin da na ji a wayar abokinka, shi ne ainihin abin da aka ɗauka?"

"A'a. Wannan gutsure ne, don mu san na'ura ta yi aiki. Waya ba ta iya ɗaukar na ainihin. Makirfo biyu na gaba kawai take kawowa, su ma an yanke su irin yankan da na gaya maka."

"Na ainihin fa?"

"Yana cikin na'urar."

"Ka saurare shi yau?"

"Dogo ya ce ya saurara, babu komai." Fuskarsa ta fara sauyawa a hankali. "Yallaɓai, me kake nufi?"

"Ban nufi komai ba tukuna. Abokinka ya san bambancin?"

"Na sha yi masa bayani. Cewa yake shi kasuwa ya sani, in bar shi da surutun injiniyoyi."

Aka tara kowa a ɗakin gwaji, aka rufe ƙofa. Insfekta ya nuna wa Dogo kujerar tsakiya.

"Bismillah. Kai ka kawo mana shaidar, kai ya kamata ka ji ta da kyau."

Dogo ya yi dariya. "Ai na ji, Yallaɓai."

"A waya ka ji. Zauna."

Ya zauna. Injiniya ya kunna. Minti ɗaya, minti biyar, minti takwas, babu abin da ake ji sai wani ɗan huci kamar na iska. Dogo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, har da gyara agogo.

A minti na goma sha ɗaya, wani abu ya motsa a bayansu ta hagu. Saje ya waiwaya da sauri, ya zaci mutum ne ya shigo. Babu kowa sai lasifika.

"Kashe sauran," in ji Insfekta. "Bar wannan kaɗai, ka ƙara murya."

Sai ga shi ɓaro-ɓaro. Shafar safa a kan kafet, taku ɗaya bayan ɗaya, na mutumin da ya cire takalmi. Sai bugun gwiwa a jikin ƙarfe, sau biyu, a hankali. Sai durowa ta buɗe.

"Baba ne," in ji Dogo. "Ai ya san dabarar."

"Baba yana kan hanyar asibiti a lokacin, da izininka. Yi shiru mu ji."

Ɓarawon ya sunkuya kan durowar, daidai saitin makirfon kusurwa. Ya ja numfashi. Wani siririn fito ya fito daga lasifikar, ya sake fitowa, ya sake.

Injiniya ya danna, sautin ya tsaya. Ɗakin ya yi tsit, amma fiton bai tsaya ba. Daga kujerar tsakiya yake fitowa yanzu, da sauri-sauri.

Dogo ya kai hannu ya rufe hancinsa, abin da ya fi kowace amsa muni.

Injiniya ya zo ya tsaya a gabansa. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi ihu da abin ya fi sauƙin ji.

"Saboda ni aka karya hancin nan. Muna aji biyar, manyan yara suka tare ni, ka shiga tsakani. Shekara talatin duk na ji fiton nan sai hankalina ya kwanta, in ce ɗan'uwana yana kusa. 'Ya'yana Baffa suke ce maka. Me na yi maka?"

Dogo ya sauke hannunsa. Zaƙin bakin duk ya ƙare.

"Ba ka yi mini komai ba. Abin ke nan. Duk inda muka shiga, 'Injiniya, Injiniya.' Ni kuwa mai riƙe maka jaka. Na duba takardar da za a sa wa hannu ranar Alhamis, sunana ko a gefe babu. Wani kamfani ya ce in na kawo musu kafin Alhamis, da sunana za a fitar da shi."

"Da ka tambaye ni."

"Sai na roƙa?"

"Shi ne ka zaɓi a ɗaure tsoho mai jinyar mata," in ji Insfekta. "Me ya hana ka kashe makirfon?"

"In na kashe za a san ɗan gida ne. Na ɗauka in na yi a hankali ba za su kama ni ba. Na saurara sau biyu..."

"Kana tallan abu shekara bakwai kana rantse wa mutane cewa ba ya zubar da komai, ashe kai ba ka yarda ba. Ina faifan?"

"Ƙarƙashin tayar safaya, a bayan motata."

Saje ya fita, bai yi minti uku ba ya dawo da shi a naɗe cikin safa. Insfekta ya miƙa wa Injiniya ya duba. Ya karɓa, ya gyaɗa kai, ya ajiye a kan tebur kamar ba shi ne abin da ya yi wa kuka da safe ba.

Aka sa wa Dogo ankwa. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da Baba maigadi, tsohon ya matsa gefe ya ba shi hanya, ya kawar da kai. Tela ta tsayar da kekenta a karon farko a ranar, ta bi motar 'yan sanda da kallo.

Insfekta ya tsaya rubuta abin da za a tafi da shi na shaida. Ya ga ya kamata ya ce wani abu, ko da ba shi da gwanintar lallashi.

"Aƙalla ka tabbatar aikinka yana yi. Alhamis ba ka da fargaba."

Injiniya yana tsaye, hannunsa a kan bayan kujerar tsakiya, inda jikin Dogo ya lotsa soson.

"Shekara bakwai ina roƙonsa ya zauna a kujerar nan ko sau ɗaya, ya ji abin da na yi," ya ce. "Yau ya zauna."