Shafin da Aka Yage a Gidan Thornwyke

"Jefa ta a wuta, yarinya."

Nesta Pugh ba ta motsa ba. Takardar tana hannunta, ta yi jawur don tsufa.

"Ba ki ji ni ba ne?"

Lady Honoria ce, tsaye a gaban murhun ɗakin littattafai cikin baƙaƙen kayan takaba. Kwana tara ke nan da binne mijinta, Earl na takwas na Thornwyke, sarautar da ake gado a gidan, a watan Nuwamban 1958.

"Ranki ya daɗe, takardar aure ce..."

"Na san ko mece ce. Shekara talatin da uku da saninta."

Shekara biyu Nesta tana aikin kula da tsofaffin takardun gidan nan. Da maigidan ya rasu aka sa ta haɗa shaidar asali, ta haihuwa da ta aure, wadda Aubrey, ɗan gidan, zai rantse a kanta ranar Juma'a kafin a ba shi kujerar mahaifinsa a Majalisar Masu Sarauta. A akwatin sojan marigayin ta tsinci abu biyu da safen nan. Ɗaya takardar aurensa ce da wata Ishbel Rennie a Scotland, a 1915. Ɗayan kuma shafi ne da aka yage daga babban Baibul na gidan, inda kowane Earl ke rubuta sunan 'ya'yansa da hannunsa. A jikin shafin layi ɗaya ne: Murdo, ɗana na fari.

"Ba aure ba ne," in ji Lady Honoria. "Babu coci, babu limami, babu yardar uba. Yaro ɗan shekara ashirin ya kama hannun mai gyaran kifi a kicin, ya ce wannan matata ce, a gaban masunta biyu. Wannan kike kira aure?"

"A can aure ne, ranki ya daɗe. Alƙali ya sa hannu, an shigar da shi a rajista. Ta rasu kafin ya aure ki, naki auren ba abin da ya taɓa shi. Amma Murdo ne babba, sarautar tasa ce, da gidan."

"Wa zai je duba rajistar ƙauyen masunta in ba ke kika buɗe baki ba?"



Tsohuwar ta matso, muryarta ta yi laushi, laushin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Kina son ɗana. Kada ki musa, har masu wanke kwano sun sani. Na rantse ba zai auri 'yar mai haƙar kwal ba ina raye. To, yau na janye. Jefa ta a wuta, ni da kaina zan sa miki zoben uwar mijina."

Wayyo Allah...

Abin da take kwana tana tashi da shi ke nan, ga shi an miƙo mata, taku uku tsakaninta da murhu.

"Ba zan iya ba," ta ce. "Aubrey zai ɗora hannu a kan Littafi ya rantse shi ne babba. Ba zan bar shi ya rantse a kan ƙarya bai sani ba."

Aka yi 'yar dariya daga bakin ƙofa. Lady Cressida ce, 'yar wani Duke, babban basarake, wadda tun tana cikin zanen goyo iyaye suka gama shirin ita ce matar Aubrey. Tana saka safar hannu a hankali.

"Anti Honoria, bar ta. Zan je tasha in ɗauko shi, jirgin ƙasan da ya hau ƙarfe uku zai iso." Ta dubi Nesta sama da ƙasa. "Sannu da aiki, malamar ƙura."

Tun daga lokacin Nesta ta kasa zama. Ta yi ta kai da komo a dogon zauren da aka jera hotunan kakannin gidan. Wancan ya yi gwamnan wani tsibiri da bai taɓa iya faɗin sunansa daidai ba. Wannan ya yi minista wata bakwai. Na kusa da taga ya shekara arba'in a Majalisa, sau ɗaya ya buɗe baki, shi ma don a rufe masa taga ne. Duk an rubuta su da ruwan zinariya a jan littafin asalin manya, ana karantawa ana gyaɗa kai. Ita kuwa Ishbel, da ta haifa musu magaji, ko a bayan bango ba ta da suna.

Aubrey daban yake da su, shi ya sa ta so shi. Shekara uku yana wakiltar garin masu haƙar kwal a Majalisar Wakilai, yana ta fama a kan dokar da za ta kula da waɗanda ƙurar rami ta cinye wa huhu. Ciwon da ya kashe babanta ke nan. Ranar da ta gaya masa, a wannan zauren, ya riƙe hannunta gam. Yanzu mutuwar mahaifinsa ta raba shi da kujerar, domin mai sarauta ba ya zama cikin wakilan talakawa, kuma ba a ƙin sarauta, ko ana so ko ba a so.

Ƙarfe huɗu ta ji ƙarar mota.

Ya shigo ko rigar ruwa bai cire ba. Bai ce masoyiyata ba, kamar yadda ya saba.

"Nesta, gaskiya ne?"

"Aubrey, zauna in nuna ma..."

"Gaskiya ne kin yi wata biyu da ganin takardar nan, kika ɓoye sai da Baba ya mutu, don kada ya ƙaryata ki?"

"Wa ya ce? Yau da safe na gan ta!"

"Cressida ta ce lissafinki a fili yake. In sarauta ta kuɓuce mini na zama daidai da ke, ba mai hana aure. Kuma na koma Majalisa in ƙarasa dokar babanki."

Kamar ya watsa mata ruwan sanyi.

"Dokar babana? Da bakinka kake faɗin haka?"

"Ban san abin da zan ce ba!" Ya dafe kai. "A ɗakin sama aka haife ni. Tun ina ɗan shekara biyar ake zagayawa da ni gonakin nan ana cewa naka ne, ka kula da mutanenka. Yau ki ce mini wani da ban taɓa jin sunansa ba..."

"Ba ni na ce ba. Babanka ne ya rubuta."

Ta miƙa masa shafin. Ya kalli rubutun, ta ga leɓensa ya motsa. Ya gane hannun.

Ta buɗe baki za ta faɗa masa tayin da mahaifiyarsa ta yi mata, sai ta haɗiye. In sai ta tona wa uwa asiri gaban ɗanta kafin ya yarda da ita, yardar ba ta da amfani.

Ta ɗora masa takardar auren a kan shafin.

"Ga su nan duka, ban kwafi ko ɗaya ba. Ga murhu can. Ni dai ba zan sa hannuna a shaidar ranar Juma'a ba. Sauran ya rage naka, ranka ya daɗe."

"Kada ki kira ni haka."

"To me zan kira ka?"

Ya zuba takardun a aljihu ya fita.

Washegari aka ce ya bar gidan tun da sassafe, bai faɗa wa kowa inda za shi ba.

Talata ta wuce. Laraba ta wuce.

Ko wasiƙa, ko waya.

Nesta ta daina cin abinci. Duk murhun da ta wuce sai ta leƙa tokar. Ya ƙona? Ya tafi London wurin lauyoyi su nemo yadda za a binne maganar? Ko yana can yana tunanin irin macen da za ta rusa gida don ta sami miji?

Ranar Alhamis Cressida ta same ta tana haɗa akwati.

"Ayya, tafiya za a yi? Kin kyauta wa kanki. Da kin san masu sarauta da ba ki wahalar da kanki ba. Gidan nan ya ga sarakunan Ingila goma sha biyar, ba takardar mai kifi ce za ta girgiza shi ba."

"Me ya sa kika yi mini ƙarya?"

"Ƙarya?" Ta ɗaga gira. "Taimakonsa na yi, 'yar uwa. Namiji yana bukatar wanda zai ɗora wa laifi kafin ya yi abin da ya dace da gidansu."

Juma'a ƙarfe goma na safe lauyan gidan ya baje takardu a dogon zauren. Lady Honoria ta sa aka kira Nesta, wai ta tsaya ta ga yadda manya ke gama al'amarinsu. Ta tsaya a bakin ƙofa da akwatinta, jirginta na ƙarfe goma sha biyu.

Goma da kwata.

Goma da rabi.

Lauya ya duba agogo sau uku.

Sai ga Aubrey, gemu ya tsiro, takalma duk laka. Bayansa wani mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyu, cikin rigar ulu irin ta masunta, yana murza hularsa a hannu, baƙin mai ya zauna masa a farce.

Lady Honoria ta dube shi sau ɗaya, ta dafa kujera. Hancin mijinta ne, da goshinsa, har da yadda yake karkata kai.

"Mama," Aubrey ya ce, "ga yayana, Murdo. Injin jiragen kamun kifi yake gyarawa. Kakarsa ce ta raine shi, aka ce masa ubansa ya mutu a yaƙi. Na ga rajistar da idona."

"Aubrey, ka haukace?" Cressida ta miƙe. "Ka san abin da kake zubarwa?"

"Na sani, kwana uku ina lissafa shi a jirgi. Na kuma tambayi mai kula da gida yaushe aka sauko da akwatin Baba daga rufi. Litinin da safe, Cressida. Ba wata biyu ba."

Ta ɗauki jakarta. Ba wanda ya raka ta.

Murdo ya yi gyaran murya.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri," ya ce wa Lady Honoria. "Ni ban zo korar kowa ba. Na gaya wa ƙanen nan nawa ya riƙe abinsa, ya ce wai doka ba ta yarda ba. Gidan nan ko kyauta aka ba ni ban san ta ƙofar da ake fita ba. Ki zauna a ɗakinki. Abu ɗaya nake so, a rubuta sunan uwata inda ake rubuta na mutane."

Tsohuwar ta juya wajen Nesta, idonta ya kaɗa.

"Na ba ki zobe, kika ƙi. Ga abin da kika saya."

"Wane zobe?" in ji Aubrey.

Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi Nesta, ya dubi murhu. A hankali fuskarsa ta sauya.

Ya tako har bakin ƙofa, ya karɓe akwatin daga hannunta ya ajiye.

"An ce ki ƙona a ba ki ni... kika ƙi, ni kuma na zo na zage ki."

Hawayen da ta riƙe kwana huɗu suka zubo.

"Ka ce dokar babana, Aubrey."

"Na faɗa. Ba ni da abin kare kaina. Ki yafe mini, masoyiyata, ko ba yau ba." Ya riƙo hannunta. "Ba ni da gida yanzu, ba ni da sarauta. Ɗaki biyu gare ni a London, rufin ɗaya yana yoyo. Sai kujerar da zan koma in yi ta faɗa a kanta har dokar nan ta wuce. Za ki aure ni a haka?"

"Wanne ne ke yoyon?"

"Na kwana."

"To sai mu kwana a kicin," ta ce tana dariya tana kuka.

"Mu a garinmu a da," in ji Murdo, "da kun faɗi haka gaban mutum biyu, da an gama."

Har lauya sai da ya murmusa.

Lady Honoria ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta fita, suka ɗauka ta tafi ke nan. Can sai ga ta ta dawo rungume da babban Baibul ɗin, nauyinsa yana rinjayarta. Ta dire shi a kan tebur gaban Nesta.

"Aikinki ne gyaran takarda. Mayar da shi yadda ba zai sake fita ba."

Nesta ta ɗauko gam da siririn ƙyalle daga jakar aikinta. Ta daidaita shafin da guntun da ya rage a jikin littafin, yagar ta haɗu baki da baki.

Murdo ya goge hannunsa a wando sau biyu kafin ya karɓi alƙalami. A saman sunansa ya rubuta da manyan baƙaƙe: Ishbel Rennie, matar Earl ta fari.

Aubrey ya buɗe shafi na gaba, ya nuna wa Nesta filin da ake rubuta sunan mata a gefen nasa sunan.

"Nan kuma fa?"

"Bar shi tawadar ta bushe tukuna," ta ce. "Ishbel ta jira shekara arba'in da uku. Ni zan iya jiran Asabar, a ɗaura auren."