Baƙon da Ba Ya Sallama

Tun da na bar makarantar sakandare ta lise nake ba da hayar tsofaffin littattafan Faransanci a zaurenmu na unguwar Chagoua. Labaran masu shan jinin mutane sun fi fita.

A daminar 1998 wani dogon mutum ya fara zuwa bayan magariba. Ba ya sallama, ba ya shigowa. Daga bakin ƙofa yake miƙo hannu, hannun da sanyi kamar gindin randa. Unguwa duk taɓo, amma takalminsa fes.

Duk littafin masu shan jini da ya dawo da shi, sai in tarar ya bi shafukan da jan biro. Inda aka ce suna tsoron tafarnuwa, ya rubuta "ƙarya". Inda aka ce ba a ganinsu a madubi, "ƙarya". A na ƙarshe layi ɗaya kawai ya ja wa biro, inda aka ce irinsu ba sa shiga gida sai an ce su shigo. A gefe ya rubuta, "Wannan gaskiya ne."

Ina cikin karantawa ruwa ya ɓarke. Na ɗaga kai, ga shi tsaye a ƙofa, rigarsa a bushe.

"Mun rufe," na ce.

Sai ga mahaifiyata ta fito da fitila.

"Kai Salmanu, ba ka da kunya? Baƙo a cikin ruwa, kana zaune kamar gunki?"

"Iya, don Allah koma ciki."

"Rufe min baki! Bawan Allah, faddal, shigo."

Kwaɗin unguwa suka yi tsit. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya tsallako dokin ƙofa.