Zafaffen Mai a Gindin Argan

Rana ta yi ja a kan duwatsun kudu da garin Tiznit, Mbarak kuwa tun azahar yake kwance a ƙarƙashin mota. Motar nan ita ce gidansu, da gado da murhu duk a cikinta. Tun da ambaliya ta cinye musu gidan ƙauye a ciki suke kwana, shi da matarsa Rkiya da 'yarsu Ijja, suna bin kasuwanni da zuma.

Fankar da ke sanyaya injin ce ta mutu, irin wadda mai ke juyawa. Ya samo wata ta hannu, ya rantse ba makaniken da zai taɓa masa mota. Mutum ne mai taurin kan tsiya, Allah ya sani. Rkiya ta ce ya bari sai da safe, magariba ta kawo kai, kuma ba a zubar da abu mai zafi a ƙasa a irin wannan lokaci. Ya ce ta ji da tukunyarta.

Ya sa sifana ya kwance tiyo. Ashe man bai huce ba, don ya sake tada injin ya gwada, bai daɗe da kashe shi ba. Ya tsiyaye yana tururi, ya gangara cikin wani rami a gindin bishiyar argan. Ko bismilla Mbarak bai yi ba, tsaki ya ja.

Sai wurin ya yi tsit. Can dutse ya faɗo a kan rufin motar, wani ya biyo baya, ga fili fetal ba kowa.

Haka aka yi ta yi duk magariba. Ijja ta daina cin abinci, sai ta zauna bakin ramin tana kuka da muryar tsohuwa. Mbarak ya ɗaura fankar, ya tada mota su gudu, yarinyar ta sanƙare kamar itace, sai da ya kashe injin ta numfasa. Rkiya ta yi ta watsa gishiri don korar aljanu har ta gaji. Gajiya dai ta kai musu ko'ina.

Da ƙyar aka taho da Si Abdelkrim, wani tsohon malami daga ƙauyen gaba. Ya dafa kan yarinyar ya yi ta karatu, har muryar tsohuwar ta fito daga bakinta, ashe aljanar ramin ce.

"Ina dafa wa 'ya'yana abinci ya kwararo mana wuta. Gidana ya ƙone. Yarinyar nan tawa ce."

Malam ya ce mata kuskure ne, ta ji tsoron Allah, yarinya ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Rkiya ta yi tayin madara da lalle. Muryar ta ƙi. Aka daɗe ana ja, gumi na zuba a gemun tsoho, can muryar ta ce:

"To gida da gida. Ya bar mini nasa, in sake ta."

Malam ya dubi Mbarak. "Ɗana, ba zan zaɓar maka ba."

Mbarak ya daɗe yana kallon motar, sabuwar fanka na ciki, ko tafiya ɗaya ba ta yi ba. Ya ciro makulli ya ajiye a bakin ramin. Ijja ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta.

Barguna da tukunya suka ɗauka, suka bi bayan malam a ƙasa. Ijja na goye a bayan ubanta, ta tambaya cikin muryarta ta da:

"Baba, yau a ina za mu kwana?"