Sunan da Madam Ta Laƙaba wa Mika'ilu

A bakin kanal ɗin da ya ratsa bayan Bunkure suka fara haɗuwa, lokacin tsinkar tumatir. Sa'a ta kai wa mahaifinta, Malam Ibrahimu, abinci gona, Mika'ilu kuma yana jera kwanduna a gefen hanya. Dillalin tumatir ne, bai daɗe da dawowa daga Ikko ba, da 'yar wayarsa da Turancinsa na kasuwa. Ya ce mata sannu, ta ce yawwa, ta wuce tana tuntuɓe inda babu ko dutse. Duk wanda ya ga tuntuɓen nan ya san magana ta ƙare.

Da aka ba shi izinin zance sai ya saya mata waya, ya mayar da kansa malamin Turanci.

"Barka da hantsi, honey. Kin san ma'anarsa? Zuma ke nan. Ki ci abinci, ki tuna da ni."

Ta mayar masa: "Na gode, malamina. To ni me zan riƙa kiran ka?"

"Darling, wato masoyi. Amma kada ki faɗa a gaban Goggo Tambaya."

Ya san abin da yake faɗa, don ƙanwar uban nan tata ba ta kwana da magana a ciki.

Ana cikin haka sai tsautsayi ya gitta a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Wata mata 'yar kudu da ke sayen kaya mota-mota, kowa Madam yake ce mata, ta hango shi ta ƙwala kira, "Michael!" Shi kuwa ya amsa har da murmushi. Sada na tsaye a wurin, wani mai injin ban ruwa da ya taɓa neman Sa'a ta ƙi shi. Kafin la'asar ya cika gari da zance: Mika'ilu ya sake suna a Ikko, wanda ya sake suna kuwa ai an san abin da ya sake. Goggo Tambaya ce ta shigo da labarin gida, ta ƙara masa gishiri da yaji.

Malam Ibrahimu ya ce kada ya ƙara ganin ƙafar yaron a ƙofar gidansa. Masu tsinka suka ƙi yi wa Mika'ilu aiki. A masallaci aka riƙa barin tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Sai Sa'a ta ji mata na raɗa a wajen niƙa cewa samari sun ce za su tare shi a kan gada. Ko ihun yara ta ji daga wajen kanal sai gabanta ya faɗi. Ga kuma wani tsoron da ba ta iya faɗa wa kowa: idan gaskiya ne fa?

Ta ɗauki waya ta rubuta masa: "Darling, don Allah kada ka bi ta gada. Kuma ka gaya min gaskiya, waye Michael?"

"Ni ne, honey, amma a bakin Madam kaɗai. Na rantse wa mutane, sun ce mai laifi ma yana rantsuwa."

Ta durƙusa gaban mahaifinta tana hawaye. "Baba, kai ka koya min ba a yanke wa kwandon tumatir hukunci da na sama, sai an tona ƙasa. Ka je ka tambayi matar nan."

Da safe ya ɗauki hularsa ya nufi kasuwar. Goggo Tambaya ta yafa mayafi ta bi bayansa, wai za ta sayo attaruhu.

Sa'a ta wuni tana leƙen zaure. Can sai ga Goggo ta faɗo gida tana haki, dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ba da labari. Madam ta ce cikin gurguwar Hausarta harshenta ne ba ya iya Mika'ilu, kuma su a wajensu haka ake kiran sunan mala'ikan, suna ɗaya ne. Har ta kai ƙara, wai yaron nan da ya ji kiran salla sai ya bar ta a rana da kaya. Sannan ta tambayi Malam sunansa, ya faɗa. Da zai tafi ta ɗaga murya, "Baba Abraham, sai an jima!"

"Wallahi Sa'a, ubanki ya juyo ya ce na'am, a gaban kasuwa kaf!"

Sada dai ya ce injinsa ya lalace, ya daɗe ba a gan shi a majalisa ba.

Bayan an kwashe shinkafa aka ɗaura aure. Madam ta aiko da turmin atamfa. Malam Ibrahimu ya dafa kan ango ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, sannan ya rage murya: idan an haihu, shi zai zaɓi suna, kuma wanda Madam ba za ta iya juya shi ba.

Allah ya bar su tare, amin.