Ƙwaryar Shaida

Yatsunta ya fara gani kafin fuskarta. A bas ɗin Panshekara ne, wata Alhamis da yamma cikin 1983, ta kama ƙarfen kujera, sai ga yatsu ruwan ɗorawa da ɗigon baƙi. Uwaisu kuwa Allah ya yi shi da tambaya, ko kaza ya gani tsaye da ƙafa ɗaya sai ya nemi dalili.

"Don Allah 'yammata, wannan lallen na wane gari ne?"

Zuwaira ta harare shi, amma dariya ta ci ƙarfinta. "Ba lalle ba ne, aidin ne. A ajin bayoloji muka ɗiga shi a kan rogo ya koma baƙi, muka ɗiga a farin ƙwai bai sauya ba. Rogo na da sitaci, ƙwai ba shi da shi."

"To ni da nake dafa sabulu a Sharada, in an ɗiga mini me zan koma?"

"Kumfa."

Daga ranar ya zama Mai Kumfa, ita kuma Malamata, tun da kwalejin horon malamai take. Zancensu a zaure ba irin na kowa ba ne. Shi ya gaya mata yadda mai da soda ke haɗuwa su zama sabulu, ita ta gaya masa rabin jikinsa da ɗoriya ruwa ne.

"Sauran kuma ke ce," in ji shi.

"Allah ya shirye ka," in ji ta, zuciyarta fari ƙal.

Mahaifiyarta, Hajiya Bara'atu, ta yi suna da kindirmo. Ma'aikatan masana'antun Challawa in sun tashi aiki gidanta suke aikowa. Uwaisu ya zo gaisuwa da kwalin sabulun kamfaninsu, mai maganin ƙwayoyin cuta, aka sa masa albarka. Ba a jima ba kindirmon Hajiya ya fara tsinkewa. A dafa madara, a zuba ragowar nonon jiya, a rufe, da safe a tarar da ruwa tsululu. Masu saye suka fara janyewa.

Nan Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifin Zuwaira, ta sami abin faɗa. Dama tana da ɗa, Gwadabe, akawu mai babur Besfa, wanda take wa sha'awar yarinyar.

"Yaya, ai ba sai an buga ƙasa ba," ta ce wa Malam Ladan, mahaifin Zuwaira. "Yaron nan farar ƙafa gare shi. Tun da ya tako zauren nan nono ya ƙi kamawa. Yau nono, gobe wa ya sani?"

Malam Ladan ba mai camfi ba ne, amma ya ga ƙwarya da idonsa. Ya ce Uwaisu ya dakata da zuwa. Ya dakata, nono bai gyaru ba, Gwaggo ta ce ai sawun ne bai goge ba.

Zuwaira ta yi kukanta ta gaji. Abin mamaki, ƙarƙashin baƙin cikin akwai wata tambaya da ta hana ta sakat: to me ke kashe nonon? Ta sami mahaifinta bayan la'asar ta durƙusa.

"Baffa, ku ba ni izini in yi gwaji. Nono ba ya kamawa sai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sun cinye zaƙin madara sun mai da shi tsami, tsamin ya daskarar da ita. Wani abu ke kashe su. A kawo ƙwarya huɗu, biyu namu, biyu na maƙwabta. Madara ɗaya, ragowar nono ɗaya, ɗaki ɗaya. Uwaisu ya taɓa ɗaya tamu da ɗaya tasu."

"Sauran biyun fa?"

"Su ne shaida, Baffa. In babu wadda ba a taɓa ba, da me za mu gwada wadda aka taɓa?"

Malam Ladan ya shafa gemu, abin ya fara ba shi sha'awa. "In waɗanda ya taɓa kaɗai suka lalace, kin haƙura da shi?"

Ta san gwaji ba ya duba fuskar kowa. "Na haƙura, Baffa."

Aka kira Uwaisu zaure. Ya rame, har wuya ya fito. Ya dafa ƙwarya biyu da bisimilla, Malam Ladan shi kaɗai ya shafa musu gawayi a gindi, ba Hajiya ba Gwaggo a wurin. Da zai fita ya yi ƙasa da murya.

"Malamata, in na faɗi jarrabawar fa?"

"To sai mu san gaskiya, Mai Kumfa. Amma ni zuciyata ta riga ta ba ka maki."

Washegari da hantsi aka buɗe. Biyu sun tsinke, biyu sun kama har ludayi na tsayawa. Zuwaira ta ce Gwaggo ce alƙali, ta ɗanɗana ta zaɓi wanda ya fi. Gwaggo ta lasa, ta sake lasa, ta nuna ɗaya.

"Wannan kam hannun albarka ne. Ba a taɓa shi ba, ko rantsuwa na yi ba kaffara."

Malam Ladan ya ɗaga ƙwaryar, ga gawayi baƙi ƙirin a gindinta. Na maƙwabta duka biyu sun kama, na gida duka biyu sun tsinke, da wadda ya taɓa da wadda bai taɓa ba.

"Ashe ƙwaryarmu ce," in ji Zuwaira. "Hajiya, me kuka sauya a wankinta?"

Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Da ruwan zafi da rana kawai take yi tun tana amarya. Amma da sabulun ya zo, mai ƙamshi, daga hannun yaron da ya kwanta mata a rai, sai ta ga ba abin da ya cancance shi kamar ƙwaryar sana'arta. Ƙwarya kuwa tana shan abin da aka wanke ta da shi.

"To ai daga hannunsa dai ya fito!" in ji Gwaggo.

Uwaisu, da aka shigo da shi jin hukunci, ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Gwaggo. Ni ya kamata in ce na wanka ne. Ku yafe mini."

Malam Ladan ya yi dariya har hula ta zame. "Rabi, ƙafa kika ce, ba sabulu ba. Yaro, ka turo manyanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure, Gwaggo da kanta ta yi buɗar kai, tana cewa ita dama ɗanɗanonta bai taɓa kuskure ba. Ranar kai amarya Hajiya ta ja Zuwaira ɗaki, ta ɗora mata sabuwar ƙwarya a cinya, da ɗan nono a ciki.

"Wannan ragowar daga hannun uwata ta faro, da ba a same ta a wurin maƙwabtan da na ɗiba wa ba, da ta ƙare. Ki raya ta. Allah ya sa zamanku ya kama kamar yadda za ta kama. Kuma ki gaya wa mijinki," muryarta ta karye tana dariya, "sabulunsa ya tsaya a banɗaki."